Jinin da Aka Hana Rahmatu

A shekarar da kaya suka yi wuya, har mutane suka riƙa kafa layi don sayen sabulu da madara, jakunkunan Rahmatu suka ƙare.

Rahmatu matar Alhaji Rabo ce, wani babban mai fataucin hatsi a Dutsin-Ma. Ta daɗe tana fama da gyambon hanji, tana zawo da jini, har ranar da cikinta ya kumbura aka kwashe ta ranga-ranga zuwa babban asibiti. A can likitoci suka cire mata babban hanji gaba ɗaya, suka fito da bakin ƙaramin hanjin ta gefen cibiyarta na dama. Tun daga nan ba ta ƙara zagawa bayan gida kamar sauran mutane ba. Duk abin da ta ci ta wannan ƙofa yake fita, ba ya sallama, ba ya jiran ta shirya, sai ya zuba cikin wata jakar roba da ake mannawa a fatar ciki. Daga ƙasashen waje ake kawo irin jakar. Da aka daina kawowa, sai ta riƙa wanke ta ƙarshen tana sake mannawa, har gam ɗin ya mutu, robar ta tsage.

Daga nan ta koma ga gwangwanin madara. Takan goga bakinsa a kan dutse har ya yi santsi, ta naɗe shi da tsumma, ta kifa a kan wurin, ta ɗaure da yagen zane. Idan ta zauna shiru yakan riƙe. Idan ta sunkuya, ko ta yi tari, sai ya goce. Ruwan da ke fita daga ƙaramin hanji kuwa yana da kaifi, yana cin fata kamar ruwan toka. Kafin kaka ta wuce, kewayen wurin ya saluɓe ya yi jajir, faɗin tafin hannu, yana tsatsafo da ruwa. Wari ya kama zannuwanta, ya kama tabarma, ya kama har bangon ɗaki.

Gidan a hannun Gogo yake, ƙanwar mahaifin Alhaji, tsohuwa mai tsabta da kaifin baki, wadda ta riƙe shi tun yana yaro. Ita ta fara cewa Rahmatu ta huta da girki, don hayaƙi ba ya yi wa mai ciwo kyau. Ba a jima ba aka ware mata kwano da moɗa da buta. Aka ce kada ta sa hannu a randa, ta riƙa kira a zuba mata. Daga baya aka kwashe kayanta daga ɗakin da ta zauna tun tana amarya, aka mayar da ita ɗakin ƙurya, kusa da turken awaki, wai can ya fi iska. Ƙaramar ɗiyarta Zinariya, wadda ba ta daɗe da barin goyo ba, Gogo ta ɗauke ta ta mayar ɗakinta. Idan yarinyar ta rugo za ta faɗa jikin uwarta, sai a daka mata tsawa daga nesa, har ta koyi tsayawa a tsakar gida tana leƙe da yatsa a baki. Kowane mataki sai Gogo ta rantse ba ƙyama ba ce, tsabta ce kawai.

Wata rana ta iske Rahmatu tana alwala, ta tsaya a kanta ta ce wahalar banza take yi, wace salla ce ga wanda najasa ba ta yanke masa. Da Gogo ta tambayi ko da ƙaramin malami, da ya gaya mata cewa addini ya yi wa mai irin wannan lalura sauƙi, yana sallarsa a haka. Ba ta tambaya ba. Rahmatu ta ci gaba da salla, amma a ɓoye, kamar mai aikata abin kunya.

Alhaji Rabo bai taɓa ɗaga mata murya ba. Da safe yakan tsaya a tsakar gida, ta inda iska ke tahowa daga bayansa, ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya wuce kasuwa.

Mutum ɗaya ce ke shiga ɗakin ta zauna. Ita ce Sista Roda, ma'aikaciyar jinya a ɗakin shan magani na garin, mutuniyar ƙasar tudu da aiki ya kawo Dutsin-Ma tare da mijinta Tomas. Idan ta tashi daga aiki takan biyo, ta wanke wurin, ta shafa shuɗin magani, tana hira kamar hancinta ba ya aiki. Ita ce ta gaya wa Rahmatu cewa akwai wani aiki da ta taɓa jin likitoci suna magana a kai. Ana ɗinka jaka daga hanjin mutum kansa, a bar ta cikin ciki, a yi mata baki mai rufe kansa. Ba abin da zai fita sai mutum ya ga dama, ya zura siririn tiyo ya zubar, ya wanke, ya rufe wurin da ɗan ƙyalle. Ba jakar roba, ba gwangwani. Amma ta ce aikin ba na kowane likita ba ne, ita kanta ba ta san wanda ya iya ba, sai an nema.

"Har in iya ɗaukar ɗiyata in yi mata kitso?" in ji Rahmatu.

"Har ki je biki ki ci shinkafa ki yi gulma, Yaya Rahmatu, ba wanda zai sani."

Alhaji mutum ne mai tafiye-tafiye. Motocinsa na kai dawa da gero Kano da Funtuwa da Kaduna, shi kuma yakan bi su. Rahmatu ta roƙe shi ya riƙa tambaya a manyan asibitoci. Ya ce wannan ai ba abin roƙo ba ne. Tafiyar farko ya dawo da maganin tsutsar ciki. Wata tafiyar ya dawo da kwalbar farin ruwa mai kauri da ake ba masu ƙwannafi. Daga baya ya ce ya ga babban likita ido da ido, ya ce a rage mata yaji da tsami. Sai zuciyarta ta ba ta wani abu, ta tambaye shi cikin ladabi abin da yake gaya musu.

"Nakan ce iyalina na fama da ciwon ciki."

"Alhaji, ke nan ba su san an yi aiki ba."

"To mi kike so in ce? In tsaya gaban namiji ɗan'uwana, ga mutane a layi suna saurare, in buɗe baki in faɗi ta inda matata ke bayan gida? Ke ba ki ji nauyin abin ba?"

Ta ce ta ji. Ya gyara babbar rigarsa ya fita. Ashe duk watannin nan yana neman likita ne ba tare da ya gaya wa kowa aikin da ake so likitan ya yi ba.

Roda ce ta samo shi. Da ta tafi garinsu hutun Kirsimeti, ta bi asibitoci tana tambaya. Wani likita ya yi mata dariya ya ce sai Ingila. Wani ya ce ya karanta a littafi, amma bai taɓa gani ba, kuma ba zai koya a jikin mutum ba. Wata tsohuwar sista ce ta kwatanta mata wani asibitin mishan a bayan duwatsu, inda akwai likita ɗan Indiya mai suna Abraham, wanda ya yi irin aikin kafin ya zo ƙasar nan. Roda ta hau bayan akori-kura ta je ta same shi. Ya saurare ta, ya yi tambayoyi masu yawa, sannan ya ce a kawo mai ciwon ya duba, in hanjin da ya rage lafiyayye ne zai yi. Amma ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, wa'adin aikinsa zai cika da faɗuwar damina, zai koma ƙasarsu, saboda haka a zo tun da rani. Na biyu, aikin babba ne, jinin mai ciwon ya riga ya yi ƙasa, ma'ajiyar jinin asibitin kuwa ta bushe kamar yadda komai ya bushe a shekarar. Dole ta zo da maza uku lafiyayyu, kowa ya ba da kwalba ɗaya. Ko jininsu bai dace da nata ba, asibiti zai musanya.

Da Rahmatu ta ji sharaɗi na biyu sai ta yi murmushi, don a ganinta shi ne mai sauƙi. A aikin farko ba a tambayi kowa jini ba, lokacin asibitoci na da shi, don haka ba ta taɓa gwada mutanenta a kan wannan ba. Gidan Alhaji Rabo gidan maza ne. Ga shi kansa, ga ƙanensa Labaran, ga 'ya'yan 'yan'uwa majiya ƙarfi da ke saɓa buhun dawa a kafaɗa su hau da shi mota suna waƙa. A Kurfi kuma, garin iyayenta, ga yayanta Sodangi. A ranar ta cinye tuwonta duka.

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, a bari ya gama sayen hatsi tun yana araha, sai a sa rana. Kafin a gama saye maganar ta shiga bakin Gogo. Ta ce ita ta san wani mutumin Safana da aka ɗebi jininsa a asibiti, tun daga ranar ya fara bushewa kamar kara, bai ga wata damina ba. Ta ce jinin da Allah ya zuba wa mutum a aune yake, abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Roda ta yi mata bayani cewa jini yana dawowa cikin 'yan makonni, kamar yadda nonon saniya ke dawowa bayan an tatsa. Gogo ta ce ita saniya don tatsa aka halicce ta, ɗanta kuwa ba saniya ba ne.

Labaran da farko ya ce zai je. Amma an riga an sa ranar aurensa, abokansa suka ja shi gefe suka gaya masa wanda aka zuƙe wa jini ba ya ƙara wani amfani a ɗaki. Ya aiko wa Rahmatu cewa ta yi haƙuri sai bayan biki. Masu ɗaukar buhu suka ce su ƙarfinsu ne abincinsu, amma in Alhaji ya ba da umarni za su bi. Alhaji bai ba da umarni ba. Shi kansa kuwa sai ya fara ƙorafin jiri, yana dafa bango in ya tashi a gaban mutane, ko da yake ba a ga ya fasa tafiya ko ɗaya ba.

Da Roda ta ga rani yana nisa, sai ta gaya wa mijinta. Tomas ma'aikaci ne a ofishin ruwa, mutum mai sanyin magana. Ya samu mutum biyu daga cocinsu suka amince, shi ne na uku. Wata Asabar da hantsi ya zo ya yi sallama da Alhaji. Rahmatu ta lallaɓa, tana dafe da gwangwani, ta tsaya a bayan ƙofar zaure ta cikin gida. Alhaji ya karɓi baƙonsa hannu bibbiyu, ya sa aka shimfiɗa darduma, aka kawo lemo da goro. Ya saurara har Tomas ya kai aya.

"Malam Tomas, ka yi abin da ɗan'uwa ke yi, Allah ya saka maka. Amma dubi nan. Ina da rai, ƙanena na da rai, gidan ga cike yake da maza. In aka ji baƙi ne suka bi matata asibiti suka ba ta jini, da wace fuska zan zauna a rumfata? Gobe sai a ce gidan Rabo ba namiji."

"Alhaji, ba sai kowa ya ji ba."

"A Dutsin-Ma? Kafin ku fita gari an ji a kasuwa. Ka bar mana abinmu, mu za mu yi."

"Yaushe, Alhaji? Likitan zai tafi."

"In Allah ya so."

Ya raka shi har bakin hanya yana ta godiya. Washegari Gogo ta tare Roda a ƙofar gida, ta ce an gode da ɗawainiya, daga yau su za su riƙa wanke wurin da kansu. Ba wanda ya wanke.

Bikin Labaran ya matso, za a cika gida da baƙi. Sai Alhaji ya ga ya kamata Rahmatu ta je Kurfi ta sha iska cikin danginta. Ya ƙara da cewa ya yi tunani, jinin dangi shi ya fi dacewa da jikin mutum, don haka ta yi wa Sodangi magana. Ta roƙa a ba ta Zinariya su tafi tare, Gogo ta ce yarinya ba za ta rasa bikin baffanta ba. Aka shimfiɗa mata buhuna a bayan motar hatsi aka kai ta.

Sodangi manomi ne, gonarsa na wajen Barkiya. Ya karɓi ƙanwarsa da hawaye a ido. Matarsa Rabi ta share mata ɗaki, ta kuma ɗauki wankin tsummokaranta ba tare da ta taɓa yamutsa fuska ba. Da Rahmatu ta kawo maganar jini, Sodangi ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce shi ba ya tsoro, ko yau aka ce ya miƙa hannu zai miƙa. Amma ita matar aure ce. In ya riga mijinta, ya nuna wa duniya ke nan surukinsa ya gaza, wannan kuwa cin fuska ne da ba a yi wa suruki. Sai dai a bar Alhaji ya fara, shi yana bayansa. Aka kai wa Alhaji saƙo ta bakin direba. Amsa ta dawo cewa Sodangi shi ne babba, shi ne makwafin uba, Alhaji ba zai yi rashin kunyar shiga gabansa ba. Haka saƙo ya riƙa kai da kawowa a motar hatsi tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, kowa yana girmama ɗan'uwansa, kowane saƙo da ƙunshin goro.

Bazara ta shigo da zafinta. Wanda aka cire wa babban hanji jikinsa ba ya riƙe ruwa. Abin da Rahmatu ta sha, kafin ya zauna ya fita. Idanunta suka faɗa, leɓɓanta suka tsattsage, ƙafafunta suka riƙa ɗaurewa har sai Rabi ta murza. Gyambon fatar cikin ya faɗaɗa ya kai ƙugu, ya fara mugunya. Ƙudaje suka san ɗakin. Ta rage cin abinci da gangan don abin da ke fita ya ragu, wannan kuma ya ƙara cinye ta.

Kullum da la'asar mutanen Kurfi sukan ɗaga kai su dubi gabas. Manoma sun gyara gonaki, sun tanadi iri, a masallatai ana roƙon ruwa. Rahmatu ma tana duban gabas ta ƙofar ɗaki. Idan ta ga hadari ya haɗu, sai ta tuna da faɗuwar damina likita zai tafi. Idan iska ta watsa shi, sai ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta yi istigfari, don ta san gari duka ruwan yake jira, har da yayanta da ke ci da ita.

Wata ranar kasuwar Kurfi sai ga Alhaji da kansa, da bijimi a bayan mota. Ya ce halin da take ciki ya hana shi sukuni, an kuma ba shi shawara a zubar da jini sadaka ko Allah ya kawar da abin. Samari suka kayar da bijimin a tsakar gidan Sodangi, aka yanka. Daga inda take kwance Rahmatu tana ganin jinin yana tsartuwa, ya cika ramin da aka haƙa, ya tumbatsa, ya bi rariya ya fita waje inda karnuka ke jira. Ta dube shi har ƙasa ta shanye. Aka raba nama gida-gida, aka yi addu'a, unguwa ta ɗauka cewa ba a taɓa ganin mijin da ya tsaya wa mai ciwo kamar Alhaji Rabo ba. Aka gasa hanta aka kawo mata, wai tana ƙara jini. Ta ce a ba yara.

Kafin ya tafi ta aika Rabi ta tambaye shi ranar zuwa asibiti. Ya ce yanzu ai an yi mai wuyar, a saurari ikon Allah.

Hadari ya fara tsayawa ba ya watsewa sa'ad da Roda ta zo Kurfi. Ta ɗaga zane ta duba wurin. Sannan ta ce wani direban mishan ya kawo saƙo daga likita. Ya riga ya ɗaure kaya, amma in an kawo ta cikin makon nan zai jinkirta, ya ƙara mata ruwa da jini har ta yi ƙarfin da za a yi aikin. Tomas da mutanensa suna cikin mota a bakin kasuwa. Ba a buƙatar kowa, ita kaɗai ake jira.

"Yaya Rahmatu, tashi mu tafi. In kin warke sai a yi faɗan."

Rahmatu ta ɗaure gwangwani, ta yafa mayafi. Rabi ta kama ta ta gefe ɗaya, Roda ta ɗayan. Tsakar gidan ba wani faɗi gare ta ba, amma sai da suka tsaya hutawa a tsakiya. A zaure suka iske Sodangi zaune a bakin ƙofa yana gyaran ƙotar sungumi. Bai tashi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya tambaya ko Alhaji ya sani. Roda ta ce za a gaya masa. Ya ce ba da ita yake ba.

"Rahmatu, amana aka kawo mani ke. In kin fita ƙofar ga ba da izinin mijinki ba, mi zan ce mashi? Kuma ki dubi jikinki, ki dubi nisan hanya. In ta Allah ta kasance a hanya, kin yarda ki tafi kina mai saɓa wa miji?"

"Yaya, in na zauna ma mutuwa zan yi."

"Bari a je a tambayo shi yanzu. In ya ce to, ni da kaina zan ɗauke ki in sa ki mota."

Ƙofar a buɗe take, akwai wurin wucewa ta gefensa, kuma ta san ba zai sa hannu ya tare ta ba. Amma tun tana ƙarama aka cusa mata tsoron abin da ke jiran macen da ta fita ba izini, ga shi kuwa ta riga ta fara jin kabari kusa da ita. Ta tsaya tana duban hasken waje. Gwangwanin ya goce, ta ji ɗumin abin yana bin cinyarta a gaban yayanta. Ta ce a mayar da ita ɗaki.

Tomas ya juya mota ya koma Dutsin-Ma neman izinin. Aka ce Alhaji ya bi kaya Kano. Da ya dawo aka ce yana hutun gajiya. Da aka same shi ya ce ai tana hannun yayanta, abin da Sodangi ya yanke shi ke nan. Sodangi ya ce wannan kara ce aka yi masa, ba izini ba ne, a koma a ji daga bakinsa sarai. Kafin a koma, ruwa ya sauka.

Ruwa ne mai yawa, na shuka. Yara suka fita suna tsalle a ciki, mata suka jera tukwane a bakin indararo. Ƙamshin ƙasa ya shigo ɗakin Rahmatu, ya rinjayi warin na ɗan lokaci. Washegari gidan ya watse, kowa ya tafi gona. Ba a daɗe ba Roda ta aiko cewa Likita Abraham ya tafi, ya ce a gaishe ta. Ba ta san wani ba, amma za ta ci gaba da tambaya.

Duk wanda ya bi Dutsin-Ma ko Kurfi a wannan damina ya bincika, ba zai samu mai cewa an zalunci Rahmatu ba. Ba a doke ta ba, ba a sake ta ba, ba a hana ta tuwo ba. Gogo tsabta ta kiyaye. Sodangi bai ci fuskar suruki ba. Alhaji bai shiga gaban babba ba, ya kuma yanka bijimi kowa ya ci. Kowannensu yana da amsar da zai bayar, amsa mai kyau, irin wadda dattawa ke gyaɗa kai in sun ji. Alhali mazan nan duk bazara sukan tuɓe riga su zauna gaban wanzami ya kafa musu ƙaho, ya zuƙi jini ya zubar, su tashi suna cewa jiki ya yi sakayau. Ba wanda ya bushe a cikinsu. Sai dai wancan jini ƙasa ake ba, ba mace ba.

Gero ya kai gwiwa sa'ad da Rabi ta ga alamun ajali da ta sani, ta ce a kira Alhaji. Ya zo da hantsi, shi da Gogo da Labaran. Matan unguwa suka cika tsakar gida. Al'ada ce in mutum ya kai wannan gaɓa a nemi gafararsa, shi ma ya nemi ta mutane, don a rabu ba nauyin kowa a wuyan kowa. Gogo ta leƙa ta ce a yafi juna, ba ta jira amsa ba. Sodangi ya shiga ya durƙusa yana kuka. Leɓɓan Rahmatu suka motsa, aka ce ta yafe. Sannan aka buɗa wa Alhaji hanya. Ya tsaya a bakin ƙofa, hankicinsa mai turare a hannu.

"Rahmatu, zama ne na shekaru. In na saɓa maki, da sani ko ba da sani ba, ki yafe mani. Ni na yafe maki duniya da lahira."

Ta buɗe ido. Muryar da aka kwana biyu ba a ji ba ta fito, ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Alhaji, shigo. Zauna nan kusa da ni, ka ɗaga zanen ga ka duba. Sa'an nan ka sake faɗi."

Alhaji ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa. Iskar ɗakin ta tarbe shi. Ya kai hankici hanci, ya tuna ana kallonsa, ya sauke. Ya dubi Sodangi, Sodangi ya sunkuyar da kai. Gogo ta ce zafin ciwo ne, ba ta san abin da take faɗa ba. Mata suka matso bakin ƙofa suna ba ta baki: ɗiyar nan ki ce kin yafe, mijinki ne, uban ɗiyarki ne, kalma ɗaya ce fa.

Rahmatu tana jin su, ta kuma san kalma ɗaya ce. Ta janye hannunta daga gefen tabarma ta bar masa wurin zama, ta kafe shi da ido, ta rufe bakinta. Har aka kira azahar yana nan tsaye, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ita kuwa ba ta ce komai ba.